Kawuna da Ƙanƙarar Manfuha

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan da Kawu yake gadi a unguwar Manfuha ta birnin Riyad, kuma duk kwana ukun na yi su ne ina sauraron yabon wani mutum da ban sani ba. Kowa ya zo sai ya zauna a kan darduma, ya ce ya haƙuri, a yi addu'a, sannan ya ɗora da cewa marigayi mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ni dai ina cewa amin, kaina a ƙasa. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, amma duk wanda ya ce ba ya ɗaga murya, to bai taɓa zuwa layinmu ranar da aka yi ruwa ba.

Wani dattijo da ya zo daga unguwar Ulaisha, wanda na tabbata bai fi sau uku ya taɓa ganinsa ba, har da share ƙwalla yana cewa, "Bawan Allah, ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba." Abokin zamana na ɗaki, wani direban tankar ruwa mutumin Maraɗi, sai ya kama tarin ƙarya, ya tashi ya zagaya bayan wata mota. Na san dariya ya je ya yi.

Mai gidan burodin layinmu, ɗan Yaman ne, ya zo da tulin burodi mai zafi ya ajiye, ya rungume ni yana kuka. Ya ce da Larabci, yana kiransa yadda suka saba, wato Kawu mai gadi, "Wallahi Ammu Haris ya zage ni fiye da yadda ubana ya zage ni." Shi kaɗai ya faɗi gaskiya a zaman nan, kuma shi kaɗai ya sa ni hawaye. Telan layin, ɗan Bangaladash, ya zo ya zauna can gefe, yana ta murza wuyan hannunsa na dama. Ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a binne Kawu sau biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a cikin yabon da ba nasa ba. Akwai kuma abin da ke cin raina, gara in faɗe shi tun yanzu. Kawu yayan mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya nemo mini kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo ya shigo aiki, shi ya tarbe ni ranar da na sauka Riyad. Amma na yi kusan shekara guda ban gaishe shi ba, muna gida ɗaya, ƙofa ɗaya muke shiga. Da na je neman gafararsa a asibiti, ban ji amsar da na je nema ba.

A gida, can ƙasar Katsina, Kawu magini ne. Soron ƙasa yake yi, irin wanda ake jera azara a zuba ƙasa a daɓe, kuma a garinmu an ce soron da ya rufa ba ya yoyo. Ya zo Saudiyya tun ban fara tafiya ba, ya yi ta aikin gini har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, sai kafilinsa ya mai da shi haris, wato mai gadin wani tsohon gida mai hawa uku. Ɗakinsa a ƙarƙashin matakala yake, daga katifa sai rediyo sai butar shayi. Mu huɗu muke ɗakin da ke can ƙarshen sama, babu abin da ke kanmu sai rufi.

Ka ɗauki mutumin da ya tashi da tsoron damina ka ajiye shi a ƙasar da ake wata tara ba a ga ɗigon ruwa ba, kai ma ka san za a sha fama. Kawu bai taɓa yarda da sararin Riyad ba. Da sanyi ya fara shigowa zai fito da wani dogon ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, ya bi gidaje shidan da ke layinmu ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Na zo duba indararo."

"Ya Ammu, wane ruwa? Dubi sama mana."

"Sama ba taka ba ce. Buɗe mini."

Ba wanda ya sa shi, kuma gida ɗaya ne kaɗai nasa. Amma zai hau, yana nishi yana dafa gwiwa, ya zura ƙarfen nan cikin bututun ruwa ya dinga zaƙulo leda da kashin tattabara da ƙurar shekara guda, yana yi yana faɗa. Mutanen nan sun mai da saman gida juji: matacciyar katifa, tsohon mukayyif da ya daina sanyaya ɗaki, karyayyen keke, kwalaye. Kowane tarkace sai Kawu ya tambayi na wane ne, kuma sai ya faɗa wa mai shi abin da yake tunani a kansa. A lungun matakalarmu akwai bokitai uku cike da yashi da babu mai taɓa su. Na taɓa tuntuɓe da ɗaya da asuba, na ce, "Kawu, a ƙasar da ko'ina yashi ne, mu kuma sai mun ajiye namu a cikin gida?" Ya ce in na ga ranar amfaninsa in dawo mu yi magana.

Ranar ta zo a hunturuna na biyu. Bayan la'asar gari ya yi baƙi, iska ta taso, sai muka ji kamar ana watsa tsakuwa a kan motoci. Ƙanƙara ce, wata kamar gurjiya, wata ta kai ƙwan zabo. Kafin ta tsaya layinmu ya yi fari fat. A gida mun san ƙanƙara, mukan tsinta mu sa a baki muna yara, amma ban taɓa ganin wadda ta rufe ƙasa har ƙafa na nutsewa ba. Samari muka fito da wayoyi, kowa ya naɗa mayafi a wuya yana ɗaukar hoto, wai za a tura gida a ce ga mu cikin dusar ƙanƙara. Mutumin Maraɗi har da kwanciya a ciki.

Sai ga Kawu ya fito, da ƙarfensa a hannu, tsofaffin safa a saman takalmansa don kada ya zame.

"Ku ajiye wayoyin nan! Wa ya kashe wuta? Na ce wa ya kashe wuta? Ku ga manyan banza, rufi na shan ruwa suna wasan yara!"

A ranar na gane abin da yake gudu. Rufin gidajen nan shimfiɗaɗɗe ne, an kewaye shi da katanga. In ƙanƙara ta taru sai ta toshe bakin bututu, ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a sama kamar tafki, ya fara neman tsaga. Ga injin tura ruwa da wayoyinsa a kwance a ƙasa, ga na'urorin sanyi. Mutum ya taka ruwan nan da wuta a kunne, sai dai labari.

Gayya Kawu ya mai da abin, irin wadda muke yi a gona, sai dai tasa ta haɗa Bahaushe da ɗan Yaman da Basudane da ɗan Bangaladash, kuma duk da harshe ɗaya yake yi mana, wato tsawa. Ba a watsewa kowa ya hau nasa. Gaba ɗaya ake hawa gida ɗaya, a gama, a sauko, a wuce na gaba. Kafin a taka matakala sai an sauke babban makunnin wutar gidan, kuma sai ya je ya gani da idonsa, don bai yarda da "na kashe" ba. Yashin nan da na raina shi ake barbaɗawa a kan matakala da inda za a taka. Wanda zai matsa bakin katanga da kwanon sarki sai an ɗaura masa igiya a ƙugu, wani ya riƙe. Sannan kafin a zubar da komai ƙasa, sai Kawu ya leƙa ya yi tambayarsa da har yara suka haddace:

"Wa ke ƙasa?"

Dole a samu mutum a tsaye a layi, da jan ƙyalle a hannu, yana tare masu wucewa yana cewa, "Intabih! Hattara!" In ya ɗaga ƙyallen a tsaya, in ya sauke a zuba. Yawanci wani tsoho ake ba aikin, ko wanda ba shi da lafiya, don haka mu samari muna ganinsa aikin ragwaye.

Abin da ya fi tsana a duniya silifa ne. Mai burodi ya hau da silifansa na roba, yana ta zuba yana cewa shi ɗan dutse ne, a ƙasarsu a kan tsauni aka haife shi. Kawu ya matso kusa da shi. Ya sa shi ya ɗaga ƙafa kamar zai duba wani abu, ya zare ɗaya, ya zare ɗayan, ya leƙa ya ce, "Wa ke ƙasa?" Aka sauke ƙyalle, ya wurga su layi. Ranar sai da suka yi kamar za su cinye juna, wannan da Larabcin Yaman, wancan da Larabcin da ya koya a wurin gini. Da aka gama, mai burodin ne ya kawo shayi da burodi, a ƙafarsa kuma ga takalmi da safa a sama. Kawu ya kurɓi shayin ya ce sukari ya yi yawa.

Akwai gida ɗaya da kullum da shi ake farawa. A ƙarshen layi yake, tsohon ginin ƙasa mai hawa ɗaya, irin na mutanen da, wata tsohuwa ce a ciki da 'ya'yanta mata biyu, babu namiji. Kawu zai tsaya a ƙofa ya yi sallama da ƙarfi har sau uku, ya ce maza za su hau, a shiga ciki. Daga rufin maƙwabta muke sa tsani mu sauka, kuma kafin mu taka zai ce, "Idon kowa a kan sheburinsa." Shebur ɗin ma ba ya bari a kafa shi da ƙarfi, wai ƙasa ce, da tsintsiya da hannu ake lallaɓa ta. In mun gama sai ya tsaya shi kaɗai yana shafa daɓen da tafin hannu, yana toshe tsaga, mu kuma muna tsaye muna rawar ɗari muna jiransa. Ban taɓa ganin fuskar tsohuwar ba. Abin da na sani, duk ranar da muka yi aikin sai an turo kwanon dabino ɗakin ƙarƙashin matakala, shi kuma ya raba mana yana cewa ba mu ci ba.

Gidanmu, da yake shi ne na Kawu, shi ne na ƙarshe. A nan rigimarmu ta samo asali.

Shekarar da zan yi aure na daɗe ina tara kayan lefe. Duk abin da na gani a kasuwar Batha ya yi mini kyau sai in saya in ajiye: atamfofi, leshi, mayafai, turare. Akwatunan suna kan kabad a ɗakinmu, ɗaya ma ban rufe ba don ya cika. Ranar da aka sake yin ƙanƙara mai yawa ina wurin aiki, gidan da nake tuƙi a unguwar Suwaidi. Kafin in ratso ruwan da ya cika tituna in iso, ana dab da magariba. Ina buɗe ɗaki na ga ruwa yana ɗiga daga rufi, ɗis, ɗis, daidai kan buɗaɗɗen akwatin. Wani farin leshi da na fi so ya riga ya sha jan ruwa.

Na janye akwatunan, na sauko a guje. Na tarar da su Kawu suna ɗaukar tsani za su gidan tsohuwa.

"Kawu, ɗakinmu na yoyo. A fara da namu yau."

"Sa bokiti."

"Kayan lefe ne fa, Kawu."

"Ka janye su?"

"Na janye."

"To, me ya rage? Naka siminti ne, nata ƙasa ce. Naka zai ɗiga, nata zai faɗo. Ɗauki igiya mu tafi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba abin da ke ƙona rai irin gaskiya a bakin Kawu. Ban ɗauki igiyar ba. Na bari suka sha kwana, na shiga ɗakinsa na zaro makullin rufi daga ƙusar da yake rataye shi, na ɗauki shebur na hau. Ni kaɗai, da silifa a ƙafata, wuta a kunne. Duk dokar da ya kafa sai da na taka ta cikin minti biyar. Na cika shebur na watsa ta kan katanga, na sake cikawa na watsa. A na huɗu ko na biyar na ji ƙara daga ƙasa, irin ƙarar da ba ta wasa ba.

Tela ne, ya rufe shago zai tafi masallaci. Tulin ƙanƙarar ya sauka masa a kafaɗa, ya zame, ya kai hannu zai dafa ƙasa, wuyan hannun ya karye. Hannun dama, na mutumin da almakashi ne abincinsa.

Da na sauko layi ya cika. Basudanen da ke gida na uku ya sa telan a mota suka tafi asibiti. Kawu ya iso yana ɗingishi, ya dubi ƙafata, ya dubi sheburin, ya ɗaga kai ya ga fitilar matakala tana ci. Sai ya fara. Ya wanke ni tas. Ya ce ni da jaki bambancinmu lasin tuƙi. Ya ce saboda tsumma na kusa kashe mutum, na kusa kashe kaina, in an kai wa ƙanwarsa gawa ya ce mata me? Ya ce da ya san abin da ta haifa ke nan da bai aika an kawo ni ba.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Kawuna ne, da Hausa ya yi, mu biyar ne kawai a wurin muke ji. Amma da ya kai aya sai ya juya wajen sauran jama'a, ya ɗauko faɗan tun daga farko, ya maimaita shi da Larabci. Bai tsallake komai ba, har jakin. Inda kalma ta ɓace masa sai ya tsaya ya nemo ta. Ina tsaye, mai shekara talatin da ɗoriya, ana fassara zagina don kowa ya amfana.

Sannan ya yanke hukunci. "Daga yau ƙafarka ba ta sake taka rufi. Kai ne a ƙasa." Ya miƙo mini jan ƙyallen. Na dube shi, na dubi ƙyallen, na juya na hau ɗaki.

Neman gafarar tela bai yi mini wuya ba. Washegari na je na durƙusa, ya ce ƙaddara ce, ya yafe, har yana ba ni haƙuri a kan leshina. Na riƙa kai shi asibiti ina dawo da shi. Amma duk lokacin da na biya ta shagon sai in ga Kawu a ciki. Makonnin da hannun ya yi a ɗaure, tsohon nan da bai taɓa riƙe allura ba shi ne mai guga, shi ne mai sa maɓalli, shi ne mai riƙe yadi ana yanka da hagu. Yana yi yana yi wa telan faɗa wai shagonsa ba tsari. In na shigo sai ya ci gaba da gugarsa, ni ma in yi kamar ban ga kowa ba.

Haka muka zauna. Kullum da safe sai na wuce ta ƙofar ɗakinsa, don babu wata hanya. In yi sallama ina kallon bango, ya amsa yana kallon rediyo. Gaisuwa irin ta ɗa da kawu, a tsuguna a tambayi kwana da gajiya da ƙafa, wannan na daina. Da zafi ya shigo na tafi gida hutu aka ɗaura aure, Inna ta tambaye ni yayanta, na ce yana lafiya yana gaishe ta. Na dawo da kilishi da daddawar da ta ba ni in kai masa, na ba mutumin Maraɗi ya miƙa. Sau da yawa na shirya maganar da zan yi, in sauko, in hango ƙeyarsa, sai in tuna jakin nan da Larabci, in wuce. Girman kai ne, na sani. Amma shi ma ai babba ne, da ya kira ni sau ɗaya da shi ke nan.

Da hunturu ya zagayo aka yi ruwa mai ƙarfi da 'yar ƙanƙara. Ina kwance a ɗaki ina jin su suna ɗaukar kaya, na ja bargo na rufe kai. Can na ji "Intabih! Hattara!" daga ƙasa, muryar ta dishe, tana yi tana tari. Na leƙa ta taga. Kawu ne a tsakiyar layi da jan ƙyallen, ruwa har idon sawu. Gwiwa ta hana shi hawa a shekarar, tsohon da ke riƙe ƙyallen ya koma ƙasarsu, wanda aka ba aikin kuma yana sama cikin bargo. Gida shida ya tsaya musu, yana tare motoci, yana ɗaga kai yana yi wa na sama tsawa. Na ga haka da idona, ban sauko ba.

Bayan kwana kaɗan tari ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti, aka ce ƙirjinsa ne. Likita bai ce tsayuwar nan ce ta jawo ba. Ni ne nake cewa.

Kwanansa huɗu a can ban je ba. A na biyar mutumin Maraɗi ya dawo daga dubiya, ya tsaya a kaina ya ce, "Kai, tashi. In kana da magana da tsohon nan, yau za ka yi ta. Wallahi in ka bari, kai da barci kun raba hanya." Na tashi.

Lokacin ziyara bayan la'asar ne. Ina tuƙi ina ganin hadari yana haɗuwa ta yamma. Na same shi ya rame, an sa masa robar numfashi a fuska, hannuwan nan masu kaushi a kan farin zane. Na tsuguna a gefen gadon, gaisuwar da na hana shi shekara guda na yi ta, sannan na ce, "Kawu, na zo ne a yafe mini. Na yi laifi, na ƙara da wani. Don Allah a yafe mini."

Ya dube ni. Ya kai hannu ya janye robar. Na matso da kunne. Sai ya karkata kai wajen taga.

"Wancan hadari ne?"

"Hadari ne, Kawu."

"Shi ne ka zo ka tsuguna nan?"

"Kawu, maganar da na zo da ita..."

"Makulli na kan ƙusa, ka san wurin ai." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ku fara da gidan tsohuwa. Kusurwar gabas akwai tsaga, da hannu za ka bi ta, ban da shebur. Ka je ka ga wutar da idonka. Ka sa mutum a ƙasa."

"To, Kawu. Amma a ce an yafe mini."

"Tashi ka tafi, ruwa ba ya jiran surutu. Kuma ka sa takalmin kirki."

Ya mai da robar, ya rufe ido. Na tsaya kaɗan ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba. Na fita raina a ɓace, wallahi a ɓace. A mota har magana nake ni kaɗai: mutum ya sauke girman kansa ya zo ya durƙusa, kalma biyu ta gagara, sai zancen indararo.

Na tara mutane, muka yi yadda ya ce. Tela ne ya karɓi ƙyallen. Na sami tsagar a kusurwar gabas, daidai inda ya faɗa, na durƙusa cikin ruwa ina cusa ƙasa da yatsu. Mun gama gida na huɗu ke nan wayata ta yi ƙara. Kafin a kira magariba Kawu ya cika.

Aka yi masa salla washegari bayan azahar, aka kai shi. Sahun gaba a maƙabarta duk 'yan layinmu ne, kowa da irin kukansa. Daga nan aka shiga zaman da na faɗa a farko, ina karɓar gaisuwa ina amsa amin, a cikina kuwa tambaya ɗaya ce take juyawa: da fushina ya tafi ko ya sauke?

Ranar uku, da jama'a suka watse, na kira Inna. Mun yi magana tun ranar rasuwar, amma ta kuka ce kawai. Wannan karon na ce mata akwai abin da na ɓoye. Na faɗa mata komai, tun daga leshi har tela, har kilishin da ban kai da hannuna ba. Da na kai ƙarshe sai ta jefo mini tambaya.

"Ka nemi gafararsa?"

"Na nema, Inna."

"Ya ce me?"

"Bai ce komai a kai ba. Aikena ya yi. Wai in je in duba rufi."

"Ya aike ka?"

"Eh."

Sai na ji ta yi wata 'yar dariya cikin kuka. Ta ce, "Kai dai ba ka san Yaya ba. Tun muna yara, in ya yi fushi da mutum ba ya aikensa. Ni ya taɓa yin wata biyu ko ruwa bai ce in miƙo masa ba. Ranar da ya ce in je in ɗebo masa wuta a maƙwabta, ranar na san an gama. Bai taɓa cewa ya yafe ba, bakinsa bai iya ba."

Na zauna a kan matakala, daidai ƙofar ɗakinsa, na bi shekarar nan rana ɗaya bayan ɗaya. Ko allura bai ce in ɗauko masa ba. Mutumin da ke sa kowa aiki, har wanda ya zo wucewa, ya bar ni na huta shekara guda, ni kuma ina ganin ni ne nake hora shi.

Allah ya gafarta maka, Kawu, ya yalwata maka makwanci, ya sa rufin da ka tsare wa marasa ƙarfi ya zame maka inuwa ranar da babu wata. Na karɓa a yadda ka bayar. Amma fisabilillahi, mutumin da ya iya zagina da harshe biyu, da ka ce "na yafe" da guda ɗaya, me zai ragu a jikinka?